Motata Na Shan Baƙin Mai: Matakan Da Aka Bi A Kaduna Kafin A Buɗe Inji

Duk mai mota a Kaduna da ya taɓa shiga gareji ya ce motarsa na shan baƙin mai ya san amsoshi ukun da ke jiransa. Wani zai ce a koma mai kauri, wani ya ce ringin fistin ne ya mutu sai an sauke inji, na uku kuma ya ce kada ka wahalar da kanka, sayi wani injin ɗan Beljiyam ka huta. Kowannensu yana iya dacewa, amma babu wanda zai iya sani daga tsaye bai auna komai ba. Abin da zan kawo a nan shi ne yadda binciken ya gudana a kan motata daki-daki, da abin da kowane mataki ya ci na kuɗi da jira. Motar ta gida ce, 'yar Kwatano, silinda huɗu, inji mai lita 2.4, kuma mitarta ta haura mil 150,000. Kuɗaɗen da zan ambata na lokacin da aka yi aikin ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki darajar Naira, farashin kayan mota ba ya kwana inda ya yini, don haka a ɗauke su a matsayin ma'auni kawai.

Alamar farko ita ce jar fitilar nan mai hoton butar mai a dashbod. Ta ƙyafta sau ɗaya ina shan kwana a Kawo, ta ɗauke. Mutane da yawa suna zaton fitilar tana auna yawan man da ke cikin inji ne, alhali a yawancin motocin da muke hawa ƙarfin turin mai take aunawa. Famfon mai yana zuƙo shi ne daga kwanon da ke ƙasan inji ta wani bututu mai rariya a baki. Idan man ya yi ƙasa sosai, da an sha kwana ko an taka birki da ƙarfi sai ya tattaru gefe guda, bututun ya zuƙi iska, turin ya faɗi, fitila ta kama. Ke nan lokacin da ta kama an riga an wuce batun ƙaranci, an shiga batun ɓarna. Gaba na faɗuwa a irin wannan lokaci, amma abin yi ɗaya ne: a gangara gefen titi a kashe inji nan take. Injin da ke juyawa ba turin mai, cikin ɗan lokaci metal ɗinsa, wato shimfiɗar ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kanta, zai cinye, ka ji ya buga.

Duba geji, wato sandar auna mai, yana da ƙa'ida, kuma rabin ruɗanin da ake shiga daga nan yake farawa. Mota ta tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ba gangara ba, ba taya ɗaya a kan kwalbati ba. A kashe inji a jira minti 5 zuwa 10 man da ke sama ya gangaro. A zaro geji a goge da tsumma mai tsabta, a mayar har ya zauna ƙarshe, sannan a sake zarowa a karanta. A duba fuskokinsa biyu, a yarda da wadda ta fi nuna ƙasa, domin bututun gejin kansa yana shafa masa mai. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama, a yawancin ƙananan motoci, kusan lita ɗaya ne. Nawa gejin ya fito ƙamas, ko digo babu a bakinsa. Sai da aka zuba kusan lita 2, rabi-rabi ana jira ana dubawa, kafin ya kai alamar sama. Injin lita 4.3 yake ci har da filta, ashe da rabin mansa yake yawo, kuma ba a kai kilomita 2,500 da yin juye ba.

Zangon farko shi ne wurin mai juye, saboda kafin a zargi inji dole a tabbatar an taɓa cika shi tun farko. Yakan faru a zuba galan mai lita 4 a injin da ke cin fiye da haka a ce ya isa, ko a duba geji kafin a tayar da inji sabuwar filta ta sha rabonta. Na sa aka yi sabon juye ina tsaye: galan mai lita 5 na 5W-30, lambar kaurin mai kamar yadda aka rubuta a murfin injin, sabuwar filta, da sabon wosha na notin juye. Wannan wosha ba a faye canza shi a garejinmu ba, alhali idan ya daɗe yana matsuwa sai ya daina riƙe mai. An kuma duba ko robar tsohuwar filta ta maƙale a jikin inji, domin idan aka ɗaura sabuwa a kanta roba ta zama biyu, mai na iya tsiyayewa gaba ɗaya a kan hanya. Man da filta da aiki sun tashi kusan Naira 48,000. Aka tayar da inji na minti biyu, aka kashe, aka jira, aka cike daidai alamar sama. Na ɗauki hoton geji da na mitar tafiya, ragowar man kuma ya shiga but. Wannan hoto shi ne mafarin duk lissafin da ya biyo baya.

Baƙin mai hanya uku kawai yake bi ya bar inji: ya yoyo waje, ya gauraya da ruwan lagireto, ko ya ƙone tare da fetur ya fita ta salansa. Hikimar binciken ita ce a fara da wanda ya fi araha a gano. Don haka zango na biyu wurin wankin inji ne, an rufe koyil da altaneta da leda kada ruwa ya shige su, Naira 3,000. Tsohon inji ƙura da mai sun riga sun lulluɓe shi, balle a lokacin hunturu, ba yadda za a yi ka gane sabon yoyo daga tsoho sai an wanke. Da daddare na shimfiɗa kwali a ƙarƙashin motar. Da safe digo biyu zuwa uku ne kawai a kai. Bayan an ɗan yi zirga-zirga da ita a gari sai muka hau rami da tocila. A nan ana bin mai ne daga ƙasa zuwa sama, domin inda ya ɗiga ba nan ne inda ya fito ba. Wuraren da aka bi sun haɗa da notin juye, gindin filta, bakin kwanon mai, oyil suwic, oyil sil na gaban karanshaf a bayan fuli, mahaɗar inji da giyabos inda oyil sil na baya yake, murfin sarƙar taimin, sai gasket na murfin sama. An kuma leƙa ƙarƙashin motar har baya, saboda akwai yoyon da ba ya fitowa sai ana gudu, iska ta fesa shi baya ƙura ta manne.

An samu yoyo a gasket na murfin sama. Robar ta bushe ta tsage, mai yana gangarowa bayan inji, wani ma ya taru a ramukan fulogi biyu. Wannan ne ke kawo ƙaurin da ake ji idan an tsaya a cunkoso, mai yana ɗiga kan bututun salansa mai zafi. An canza shi da robobin ramukan fulogi a kan Naira 17,000 har da aiki. Makaniken ya ce, "Alhaji, shi ke nan, ɓarawon man ke nan mun kama." Na ce, "Oga, Allah ya sa, amma bari mu auna." Dalilina lissafi ne. Lita ɗaya ta kai digo kusan 20,000. Yoyon da zai kwashe lita a 'yan makonni ba ya ɓuya, sai ka ga ƙasan mota sharkaf da tabo a duk inda aka ajiye ta. Digo uku a kwali ba su kai wannan bayani ba.

Batun ruwa bai ɗauki lokaci ba. Da safe inji na sanyi aka buɗe murfin lagireto, ba mai yana yawo a saman ruwan, kuma ruwan bai ragu ba. Man da ke jikin geji da ƙarƙashin murfin zuba mai bai koma kamar shayi mai madara ba, wanda shi ne alamar gasket na tof silinda ya ƙone ko na'urar sanyaya mai ta fashe. Kada a taɓa buɗe lagireto inji na zafi, ruwan yana tsartuwa ya ƙona fuska. An kuma sansana gejin ko akwai warin fetur, domin nozul mai yoyo yana tsinka mai, wani lokaci ma ya sa geji ya nuna kamar man bai ragu ba alhali fetur ne ya cike gurbin.

Daga nan sai awon sha, matakin da ya fi kowanne cin haƙuri, kuma ba ya cin ko sisi. Na ware ƙaramin littafi a aljihun mota mai layi huɗu: kwanan wata, abin da mita ta nuna, inda mai yake a geji, da yawan abin da aka ƙara. Duk dubawa a wuri ɗaya nake yinta, ƙofar gida, da safe kafin a tayar da inji, don kada gangarar ƙasa ko zafi su sauya karatun. Ƙari kuma da robar ruwa mai rabin lita ake aunawa, ba da ido ba. A nan akwai tarko ga masu motocin da aka shigo da su daga Amurka: mitarsu mil take ƙirgawa ba kilomita ba, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Wanda ya ce ya yi 5,000 kafin juye yana kallon mitar mil, kilomita 8,000 ya yi bai sani ba. Tafiyata rabi cikin gari ce, rabi hanyar Zariya, wadda zuwa da dawowa ta kai kusan kilomita 160. Sakamakon ya fito ƙarara: kafin gyaran gasket lita ɗaya tana tafiya a kusan kilomita 900 zuwa 1,000, bayan gyaran kuma a kilomita 1,100. Yoyon gaskiya ne, amma ɗan ƙaramin kaso ne. Wani abin lura, shan ya fi yawa a makon da aka fi hawa babbar hanya da gudu.

Kowane inji yana ɗan shan mai, wannan ba laifi ba ne. Littattafan wasu kamfanonin mota ma sukan ce har lita ɗaya a kilomita 1,000 bai wuce iyakarsu ba. A ganina wannan iyaka ta kare kamfani ce daga masu ƙorafi, ba ma'aunin lafiyar inji ba. Lafiyayyen inji mai silinda huɗu ya kamata ya kai juye na gaba geji bai sauka ƙasa da alamar ƙasa ba.

Abin da ya rikita mutane a kan motata shi ne ba ta hayaƙi. Kowa ya leƙa salansa ya ce ai wannan ba ta ƙona mai. Amsar tana cikin tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, wadda makanikai ke kira indomi. Idan ta yi zafi tana ƙone yawancin hayaƙin man kafin ya fito, don haka mota na iya shan lita a kilomita 1,000 ba a ga komai ba. Sai an kafa mata ido a lokuta uku. Na farko tashin safe bayan ta kwana: idan ta yi tari da hayaƙi mai ruwan toka da shuɗi-shuɗi na 'yan daƙiƙoƙi sannan ya ɗauke, silin bawul ne suka bushe, mai yana gangarowa cikin silinda da dare. Na biyu bayan ta daɗe tana sulo, wato inji na aiki mota na tsaye, ko an saki totur a gangara sannan aka sake takawa, wannan ma bawul yake nunawa. Na uku lokacin da aka taka totur da ƙarfi tana ja, wanda ringi yake nunawa. Baƙin hayaƙi na fetur ne da ya yi yawa, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa kuma na ruwa ne. Na sa ɗan'uwana ya biyo ni a baya a kan Western Bypass. Da safe bai ga komai ba, a sulo bai ga komai ba, amma duk lokacin da na taka don wuce babbar mota sai ya ga shuɗin hayaƙi ya ɗan bulbulo. Yatsa a bakin salansa kuma ya fito da baƙi mai maiƙo, ba busasshen gawayi ba.

Kafin a ɗora wa ringi laifi akwai ɗan ƙaramin abu da ake mantawa da shi, bawul ɗin PCV, wanda wasu ke ce wa birida. Yana jikin murfin sama, aikinsa ya kwashe tururin da ke taruwa a cikin inji ya mayar da shi wurin shan iska ya ƙone. Idan ya maƙale a buɗe yana zuƙar mai tare da tururin, idan ya toshe kuma iska ta cika cikin inji ta riƙa turo mai ta kowane gasket da sil. Ana kwance shi a girgiza, lafiyayye yana ƙara kacau-kacau. Nawa ya yi shiru, kuma tiyonsa jiƙe yake da mai. An canza a kan Naira 12,000, tare da iyakilina da ƙura ta toshe. Na sake komawa littafi. Shan ya koma lita ɗaya a kusan kilomita 1,200. Akwai motocin da a nan matsalarsu ke ƙarewa, shi ya sa bai kamata a tsallake shi ba, amma tawa ba ta cikinsu.

Awon kwamfireshan, wato ƙarfin matse iska a cikin kowace silinda, shi ne ya fi wahalar samu, ba don tsada ba, sai don ba kowane gareji ke da ma'aunin ba. Da yawa za su ce maka sun ji a kunne, ko su buɗe murfin zuba mai su ɗora tafin hannu su yanke hukunci. Wannan gwaji yana nuna injin da ya lalace ƙwarai yana huci, amma ba ya kama matsakaicin lahani. Sai da aka yi mini kwatancen wani dattijon makanike a wajen Kurmin Mashi. Na isa da hantsi na tarar da motoci a gabana, ba a zo kaina ba sai bayan azahar. Yadda ya yi aikin ya kwantar mini da hankali: ya bar inji ya yi zafi, ya cire fulogi huɗun gaba ɗaya ya jera su bisa tsarin silinda, ya zare fiyus na famfon fetur, ya sa yaronsa ya danne totur har ƙasa yana murza makulli, kowace silinda juyi iri ɗaya. Fulogi biyu na tsakiya sun yi ɓawon toka mai kauri da maiƙo a zarensu. Awon ya ba da 180, 176, 178 da 182 a ma'aunin psi. Littafin gyaran injin ya sa 142 a matsayin mafi ƙanƙanta, kuma ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kashi 10 cikin 100. Da an samu wadda ta yi ƙasa, da sai a zuba mata cokalin shayi na mai a sake aunawa: in ta tashi sosai ringi ne, in ba ta motsa ba bawul ne ko gasket. Ya karɓi Naira 8,000.

A nan ne mafi yawan mutane ke ɓacewa, domin awon ya yi kyau, sai a ce ringi lafiya lau. Dattijon ya ce, "Malam, wannan ma'aunin ringi biyu yake gani, na ukun ba ya ganinsa." Kowane fistin ringi uku gare shi. Biyun sama suna riƙe ƙarfin wuta, su awon ke gwadawa. Na ƙasa aikinsa daban, yana kankare man da ke jikin ramin silinda ya mayar da shi kwano ta wasu ƙananan huji da ke bayansa a jikin fistin. Idan aka daɗe ba a juye ba, ko ana zuba man da ba shi da inganci, ko inji ya taɓa ɗaukar zafi, man yana dahuwa a wurin ya zama gawayi, hujin su toshe, ringin ya manne a gurbinsa. Daga nan duk hawa da saukar fistin sai ya bar mai a bango, wuta ta cinye. Wannan man da ya rage ma yana taimaka wa ringin sama su riƙe iska, shi ya sa awon ke fitowa da kyau, mota kuma tana ja kamar ba abin da ke damunta. Ya zura wata 'yar kyamara mai igiya da ake haɗawa da waya ta ramin fulogi. Kan fistin ya yi baƙi a tsakiya, gefensa kuwa jiƙe kuma a wanke, alamar mai daga ƙasa yake haurowa. Bangon silinda babu ƙarzuwa. Gani ya kori ji.

Sai zaɓi. Mai kauri irin 20W-50 ko SAE 40 yana ɗan rage sha, ba a musu, amma ba ya buɗe hujin da ya toshe, kuma injin zamani mai na'urar sauya lokacin bawul da turin mai take aiki ta ƙananan hanyoyi, man da ya fi ƙarfinta yana jinkirin isa sama a tashin safe. Haka ruwan kaurin nan na gwangwani da ake ƙarawa. Zaɓi na biyu a ci gaba da ƙari, wanda ba abin kunya ba ne ga mai duba geji kullum: a nawa lissafin, lita 4 ne a kowane kilomita 5,000, wato kusan kuɗin galan guda a kan kowane juye, ban da fulogi da ke mutuwa da wuri da tukunyar salansa da ke toshewa a hankali. Na uku jiƙa fistin, a zuba sinadarin narkar da gawayi ta ramin fulogi ya kwana. Mun gwada wannan a kan kusan Naira 25,000 ban da juye. Sharaɗinsa biyu: kafin a mayar da fulogi a juya inji ruwan ya fice, domin ruwa ba ya matsuwa, yana iya lanƙwasa konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, sannan a juye mai nan take. Shan ya ragu zuwa lita a kilomita 1,600 na ɗan lokaci, ya sake dawowa. Na huɗu sayen wani inji, wanda aka yi mini kuɗinsa ya ninka na gyara sau biyu da wani abu, kuma ba wanda ya san tarihinsa, garantin mako biyu da ake bayarwa bai isa a gane ko shi ma yana sha ba. Tunda bangon silinda lafiya yake, na zaɓi a buɗe.

Kafin a kwance noti ɗaya mun zauna mun rubuta a takarda: kuɗin aiki Naira 90,000, rabi a fara rabi a gama, jerin kayan da za a saya, da sharaɗin duk abin da aka cire a ajiye mini na gani. Ba a sayi ringi ba sai da aka kai bulok wurin masu injin gyaran ƙarfe a Panteka suka auna ramukan silinda sama da tsakiya da ƙasa, domin in rami ya buɗe ko ya zama ƙwai-ƙwai, sabon ringi mai girman asali ba zai zauna ba, sai an faɗaɗa an sa manyan fistin. Nawa suna cikin awo, gogewa kawai aka yi musu don sabon ringi ya samu abin kamawa. An duba tof silinda da miƙaƙƙen ƙarfe, bai banƙare ba. Rashin wuta ya sa aikin yini ɗaya ya kwana biyu a can. Da aka ɗora fistin a kan benci, ringin ƙasa na guda uku sun manne sai da aka ɓamɓare su, hujin bayansu kuma ba a ma ganinsu. An jiƙa su an buɗe kowane huji da siririn bakin diril ana juyawa da hannu. Wannan shi ne ainihin gyaran. Wanda ya sa sabon ringi a fistin mai toshasshen huji, bayan wasu watanni zai dawo inda ya taso.

Kayan da aka saya su ne ringi, cikakken saitin gasket, silin bawul 16 tunda an riga an buɗe, metal na konrod, oyil sil gaba da baya, fulogi, mai da filta, sun tashi kusan Naira 230,000, ban da Naira 30,000 ta masu gogewa. A wurin ringi da gasket na tof araha ba ta ado, kuma kwali mai kyau ba shaida ba ce, gara a tafi da makaniken a kuma karɓi rasit. Wajen haɗawa an sa kowane ringi a raminsa an auna tazarar bakinsa da fila geji, an karkasa bakunan kada su yi layi ɗaya, an wanke rariyar famfon mai, an ɗaure notocin tof daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awon ƙarfi. Bulok na alminiyom zarensa yana cinyewa idan aka ɗaure da bututu da ƙarfin ƙirji. Inda muka saɓa da yaran garejin shi ne sitimin, al'adar barin sabon gyara yana sulo yini guda. Ringi yana zama ne idan inji yana ja da ɗan nauyi, dogon sulo kuwa santsi yake sa wa bango. An bar shi ya yi zafi, an duba yoyo da fanka, aka fita hanya. Kilomita 1,000 na farko ba gudu mai tsanani, ba lodi, ba riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci, sannan aka juye mai da filta. A wannan zango ya ɗan sha, kamar yadda aka saba. A juye na gaba, bayan kilomita 5,000, abin da ya ragu bai kai rabin lita ba.

Da za a tambaye ni abin da ya fi amfani a duk wannan zirga-zirga, littafin nan ne na aljihun mota. Shi ya hana a tsaya a gasket, shi ya nuna jiƙa fistin bai ɗore ba, kuma makanike yana sauya yadda yake maka magana idan ka ce lita ɗaya a kilomita 1,100 maimakon ka ce tana sha sosai. Tsarin binciken ma yana da muhimmanci: duk abin da aka yi kafin buɗe inji, in aka cire mai, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin buɗewar ba, kuma kowane mataki yana iya zama ƙarshen magana ga wata motar. Tsoron ƙarancin mai kuma kada ya sa a cika ya wuce alama, domin karanshaf zai riƙa dukan man ya yi kumfa, famfo ya tura iska, sil su fara yoyo. Game da man kansa, a bi lambar da ke murfin inji ko littafin mota, a duba alamar matakin inganci ta API a jikin galan, SN ko SP ga motar fetur, a tabbata hatimin murfi bai taɓu ba, a guji man awo na bakin titi da ba a san asalinsa ba. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta sha kama jabun man inji a ƙasar nan. Da zafinmu da ƙurarmu da cunkoson gari, kilomita 5,000 ko wata shida shi ne abin da na tsayar, duk wanda ya riga zuwa.

Saura abu ɗaya da ke biyo bayan irin wannan gyara. Tokar man da aka daɗe ana ƙonawa tana zama a tukunyar salansa da sensar iskar da ke gabanta, don haka fitilar inji mai ruwan ɗorawa tana iya kamawa ko da an gama aiki. Tawa ta kama, aka sa kwamfuta a kan Naira 5,000, ta nuna sensa, aka canza, tukunyar kuwa ta tsira. Idan aka ce maka a fasa ta a zubar da cikinta mota ta samu iska, ka nemi a fara auna ko ta toshe da gaske, kuma in har za a cire, ka tsaya a wurin, domin abin da ke cikinta yana da masu saye da tsada.